Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu

Hausawa suka ce dokin mai baki ya fi gudu. In dai a zaune ake ana hira, to kowa dokinsa iska ne, babu mai kamo shi. Sai ranar da aka fita fili aka ja layi, sannan ake gane na ƙwarai da na cika baki. Yau tarihin wani doki zan ba ku, da matar da ta mallake shi, da yadda duniya ta zauna tana auna shi, ko zai iya cinye wata babbar gasa ko ba zai iya ba. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, mu da ko akuya ba mu ɗaure ba, ina ruwanmu da tseren doki?" Ki yi haƙuri ki biyo ni, 'yar uwa, matar nan da zan ba ki labarinta matar gida ce kamar ni da ke.

Mu nan Jega da Aliero da Maiyama, duk ƙasar Gwandu ce, doki ba baƙonmu ba ne. Da shi kakanninmu suka yi yaƙi, da shi sarakuna ke hawan Sallah, da shi samari ke sukuwa ranar biki. Tun a ƙarni na 19 Jega ta yi suna da kasuwa, fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro da yawansu ta nan suke bi. A zamanin nan kuwa ana koro dawaki daga arewa a gangara da su Nufe da Ilori, domin can kudu doki ba ya daɗewa saboda cizon ƙudan tsando. Da Turawa suka zo sai suka kawo nasu salon, suka share filayen sukuwa a manyan garuruwa irin su Kano da Kaduna. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya shahara da kiwon dawakin tsere da na ƙwallon doki, ɗansa Sarki Usman Nagogo ma ya gaje shi, har ya zama gwanin da ake labari a wasan.

To a duk tsawon tarihin nan, tsohon dillalin dawaki ba ya sauraron kirarin da mai doki ke yi wa dokinsa. Buɗe masa baki zai yi ya duba haƙora, ya san shekarunsa. Ya dubi faɗin ƙirji da ƙofofin hanci, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi wane ingarma ne ubansa, wace goɗiya ce uwarsa. Sannan ya sa yaro ya hau ya yi sukuwa da shi, in ya dawo ya tsaya kusa yana sauraron numfashinsa. Abu 4 ke nan yake nema: asali, lafiya, dogon numfashi, da kuma hannun da ke kiwonsa. Ki riƙe waɗannan 4 da kyau, domin ma'aunin dillalan namu shi ne dai ke aiki har a ƙasar Amurka, inda labarinmu ya faru.

Amurkawa suna da wata gasa da suke kira Kambu Uku. Tsere 3 ne a garuruwa 3, kuma dawaki 'yan shekara 3 kaɗai ke shiga, ke nan sau ɗaya tak doki ke da wannan dama a rayuwarsa. Yadda aka saba, a kan fara ranar Asabar ta farko a watan Mayu da tseren Kentaki, mai mita 2,000. Bayan mako 2 a yi na Preakness a birnin Baltimo, mita 1,900. Bayan mako 3 kuma a rufe da na Belmont a Niyok, wanda a zamanin da nake magana mita 2,400 ne. Don ki gane wahalar abin, ki ɗauka an ce dokin gidanku ya yi tsere a Jega, kafin gajiya ta sake shi a kai shi Aliero, daga can a wuce da shi Maiyama, inda fili ya fi tsawo, kuma a can zai tarar da waɗansu dawaki da ke hutawa a barga tun da fari suna jiran sa. Duk cikin mako 5. Shi ya sa daga 1919 zuwa 2018, shekara 100 ba ɗaya, dawaki 13 kawai suka taɓa cinye ukun.

Matar da nake faɗa miki sunanta Penny Chenery. Tana zaune gidan mijinta a jihar Kwalarado da 'ya'yanta 4, sai a 1968 mahaifinta ya kwanta ciwo. Tsohon yana da gonar kiwon dawaki a jihar Bajiniya, ga shi gonar ta fara ja da baya. 'Yan uwanta suka kawo shawarar a sayar kowa ya huta. Ita kuwa ta ce ba za a sayar da abin da mahaifinsu ya ƙare rayuwarsa a kai ba alhali yana da sauran numfashi. Ta ɗaura ɗamara ta karɓi ragamar gonar, tana kai da komo tsakanin gidan aurenta da barga.

Akwai wata yarjejeniya tsakanin gidansu da wani attajiri, Ogden Phipps, wanda danginsa ke da wani shahararren ingarma da ake kira Bold Ruler. Su kai goɗiyoyinsu wurin ingarman nan, abin da aka haifa a raba, wanda zai fara zaɓe kuwa sai an jefa kwabo sama. A 1969 aka jefa, attajirin ya ci, ya zaɓi wadda ransa ke so. Cikin abin da ya rage wa Penny har da ɗan cikin da wata goɗiyarsu ke ɗauke da shi, wanda babu wanda ya san ko mene ne. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ranar 30 ga Maris 1970 goɗiyar ta haifi jan dukushi, ƙafafunsa 3 farare. Sakatariyar gonar ce ta kawo sunan da aka sa masa, Turawa na rubuta shi Secretariat, mu kuwa sai mu ce Sakatariya, kamar dai ta ƙaramar hukuma.

Yana ɗan shekara 2 ya yi tsere 9 ya ci 7, aka zaɓe shi gwarzon dokin 1972 a duk faɗin Amurka. Ana cikin wannan murna, a watan Janairu 1973 tsohon ya rasu. Gwamnati ta aiko da harajin gado mai nauyin gaske, wanda in ba a biya ba sai gonar ta tafi. Dabarar da aka yi ita ce aka kasa haƙƙin barbarar dokin kashi 32, kowane kashi dala 190,000, jimla dala miliyan 6 da dubu 80. Kin ga ke nan manyan masu kuɗi sun zuba dukiyarsu a kan dokin da bai ko taka filin Kentaki ba tukuna. In ya ci, martabar gidan ta tsira. In ya faɗi, za a ce mace ta sayar wa mutane iska.

Daga nan aka shiga awo. Masu cewa zai ci suna nuna ƙirarsa, da faɗin takunsa, da yadda yake cin abinci kamar ba gobe. Masu cewa ba zai ci ba kuwa suna da hujjoji masu ƙarfi. Na farko asali: 'ya'yan Bold Ruler an san su da zafin gudu a gajeren fili, amma har lokacin babu ɗansa ko ɗaya da ya taɓa cin tseren Kentaki. Na biyu tarihi: shekara 25 ke nan, tun 1948, babu dokin da ya haɗa ukun. Ko a 1972 wani dokin gidan Penny ɗin, Riva Ridge, ya ci na farko da na ƙarshe, amma a na tsakiya aka yi ruwa, fili ya yi taɓo, ya zo na 4. Na uku kuma shi ya fi tayar da hankali: saura mako 2 a fara gasar aka kai Sakatariya wani tseren gwaji a Niyok, ya zo na 3. Tabɗijam! Nan fa masu hannun jari suka fara zufa, 'yan jarida suka ce dama sun faɗa.

To amma mai awo da hankali zai ga abin da masu surutu suka tsallake. A wajen asali, uba kawai suka duba suka manta da uwa, alhali kakansa na wajen uwa, Princequillo, da dogon numfashi aka san zuriyarsa. A wajen lafiya, ashe maruru ne ya fito masa a cikin leɓe, ƙarfen linzami na taɓa wurin yana jin zafi, shi ya hana shi sakin jiki ranar gwajin. 'Yan barga suka yi ta gasa masa wurin da ruwan zafi har ya warke. A wajen hannu kuwa, yana da tsohon mai horarwa, Lucien Laurin, da mahayi mai natsuwa, Ron Turcotte, da wani baƙar fata, Eddie Sweat, wanda ke wanke shi, ya ba shi abinci, ya san tarinsa da atishawarsa. Jarida ba ta cika kula da irin waɗannan mutane ba, kamar yadda baƙo ke yaba tuwo ya manta da wadda ta sha hayaƙi.

Ranar 5 ga Mayu 1973 aka saki dawaki a Kentaki. Sakatariya ya taso daga can baya, kuma maimakon ya riƙa raguwa kamar kowane doki, sai gudunsa ya riƙa ƙaruwa har ƙarshe. Ya gama cikin ƙasa da minti 2. Ranar 19 ga Mayu ya sake cinyewa a Baltimo. Ranar 9 ga Yuni, a fili mafi tsawo, inda aka ce nan numfashinsa zai yanke, ya bar na biyu a baya da tsawon doki 31, cikin minti 2 da daƙiƙa 24. Har yau babu dokin da ya kamo lokacinsa a ko ɗaya daga cikin tseren nan 3. Da ya mutu a 1989 saboda ciwon kofato, likitan da ya buɗe shi ya ƙiyasta nauyin zuciyarsa ya kai kilo 10, fiye da ninki biyu na ta sauran dawaki. Dogon numfashin da aka yi ta gardama a kai, ashe yana nan a ƙirji, inda ido ba ya gani.

Kada ki ɗauka kullum haka labarin ke ƙarewa. Bayan dawaki 2 sun cinye gasar a 1977 da 1978, sai da aka shekara 37 ana jira, har 2015. A tsakanin nan dawaki 13 sun ci na farko da na biyu, duniya ta gama tafa musu, na uku ya gagara. A 1979 akwai Spectacular Bid, wanda mai horar da shi ya riƙa cika baki cewa ba a taɓa yin doki kamarsa ba. Ranar tseren ƙarshe da safe, in ji mai horarwar, dokin ya taka fil a barga ya shige masa kofato, fil ɗin nan dai irin wanda muke maƙale mayafi da shi. Mahayinsa kuma, yaro ɗan shekara 19, ya sake shi da wuri. Ya zo na 3, wanda ya ci kuwa doki ne da bai shiga tseren farko da na biyu ba. A 1998 Real Quiet ya rasa kambun da tazarar da ba ta wuce hancin doki ba. A 1999 Charismatic ya karye a ƙafa dab da ƙarshen fili, mahayinsa ya dira ya tallafe ƙafar da hannunsa har taimako ya iso. Mutanen Aliero, da Allah Ya ba baiwar ɗori, sun fi kowa sanin yadda ƙashi ke karyewa cikin ƙiftawar ido.

Shi kansa Sakatariya, wata 2 bayan ya ci kambu, a watan Agusta 1973, an kayar da shi. Kin san sunan dokin da ya kayar da shi? In an fassara, Albasa! Wallahi ba zolaya nake ba. Daga baya aka gano gwarzon yana fama da zazzaɓi a lokacin. Manoman albasa na Aliero sai ku sha kuruminku, sunan amfanin gonarku ya shiga tarihi. Gaba dai da gabanta.

Ban kawo wannan labari don wata ta sha'awar caca ba. Turawa na zuba kuɗi a kan dawaki, mu kuwa addininmu ya haramta, kuma tarihin nan kansa ya isa ya nuna wautar mai yin ta. Abin da nake so ki ɗauka shi ne ma'aunin tsohon dillali. Mu mata kullum cikin awo muke. An kawo wa 'yarki manemi ana ta kuranta shi, an kawo miki sana'a an ce riba kamar ƙasa, an ce ki shiga adashin wance ba a taɓa kuka da ita ba. Kafin ki amsa, ki tambayi asali ta wajen uwa da uba. Ki duba lafiyar abin yau, kada ki tsaya ga labarin bara. Ki duba su wa ke riƙe da shi a bayan fage. Sannan ki tambayi kanki, in tafiya ta yi tsawo, gajiya ta zo, zai kai? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka kuma in naki ne ya yi tuntuɓe sau ɗaya, ɗa ne ko miji, kada ki bi 'yan surutu ki yanke masa hukunci. Ki buɗe bakin ki duba, wataƙila maruru ne.

Penny ta rayu har 2017, ta rasu tana da shekara 95, ana girmama ta a duk inda ake zancen dawaki. Ta yi nata awon, ta riƙe amanar mahaifinta, ta jure maganganun mutane. Sauran kuwa, kwabon da aka jefa da fil ɗin da ke yashe a barga, wannan ba ya hannun kowa sai Mai Sama. Allah Ya ba mu basirar auna abu kafin mu kama shi, Ya ba mu haƙurin kai shi ƙarshe, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin summa amin.