Makka Ta Ƙasa: Tarihin Alhazan Da Suka Taka Daga Kano

 

Ya 'yan uwana matasa, duk wanda ya tashi a nan Kwaciri ko wani sashe na Fagge ya san Wapa, kuma da an ambaci sunan abin da ke zuwa zuciya shi ne 'yan canji da Dala da Riyal. Amma kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa wannan suna na alhazai ne, kuma a bayansa akwai tarihin mutanen da suka nufi ɗakin Allah da ƙafafunsu. Wannan tarihi nake son mu waiwaya a yau, domin ina ganin a cikinsa akwai abin da jirgin sama ya raba mu da shi ba mu ankara ba.

Mu fara da tambayar da mai karatu zai yi: me ya sa talaka wanda bai mallaki ko jaki ba zai ɗauki sanda ya nufi Makka, alhali aikin Hajji bai wajaba sai a kan mai iko? Amsar tana cikin fiƙihun da kakanninmu suka karanta a zaure. A mazhabar Imamu Malik, iko bai tsaya ga mallakar guzuri da abin hawa ba. Wanda yake da ƙarfin tafiya da ƙafa, yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, kuma yana da aminci a kan ransa da dukiyarsa, ana lissafa shi cikin masu iko. Haka kuma a aya ta 27 ta Suratul Hajji, inda aka umarci Annabi Ibrahim (AS) da ya yi shelar Hajji, an ambaci masu zuwa da ƙafa kafin masu zuwa a kan raƙuma. Ke nan tafiyar tasu ba ganganci ba ce, a kan ilimi suka yi ta.

Tsohuwar hanya ta Sahara ce. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ya bi ta Agadas da Gat da Fezzan har zuwa Masar, inda ake haɗuwa da babban ayarin alhazai na Alƙahira. Ita kanta Fagge asalinta zango ce a wajen ganuwa, inda fataken arewa ke sauke raƙumansu. Cikin malaman da suka yi wannan doguwar tafiya akwai Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi daga ƙasar Katsina, wanda ya yi Hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. Akwai Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya je sau biyu. Shehu ya so ya bi shi, amma malamin ya mayar da shi gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba, kuma har ya rasu a 1817 Allah bai nufe shi da zuwa ba. A nan ma akwai darasi: son ibada bai shafe haƙƙin iyaye ba.

Sannu a hankali hanyar gabas ta rinjayi ta Sahara, musamman bayan 1903. A wannan shekara Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas, dubban jama'a suka bar gonakinsu suka bi shi. An kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno har yau. Daga nan sai hanyar ta zama tana da masauki, domin mahajjaci zai riƙa tarar da masu jin Hausa a zango bayan zango.

Ga yadda hanyar take: daga Kano zuwa ƙasar Barno, a haye zuwa garin da yau ake kira Njamena, a wuce Abashe ta ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, a kai Ubayyid, sannan Umdurman da Kartum, daga nan sai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta fiye da kilomita 3,000 kafin a ga teku, sannan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba a yin ta a tashi ɗaya. Idan guzuri ya ƙare sai a yada zango a nemi na abinci. Manomi ya yi ƙodago damina guda, maɗinki ya yi ɗinki, wanzami ya buɗe zabirarsa, malami ya tara yara ya koyar da allo. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, alhazai da yawa suka riƙa tsintar auduga a can don tara kuɗin jirgi. Shi ya sa tafiyar kan ci shekaru, ana haihuwa a hanya, ana aure a hanya, ana binne mamata a hanya.

Kada mu ƙawata abin fiye da yadda yake. Akwai ƙishirwa da annoba da 'yan fashi, akwai kuma waɗanda aka yaudara aka sayar da su bayi. Wannan ne ya sa mai niyya kan biya basussukansa, ya yi wasiyya, ya bi dangi da maƙwabta gida-gida yana neman gafara, domin sallamar tasa ta wanda ba lallai ya dawo ba ce. Da yawa kuwa ba su dawo ba, wasu ma ba su isa ba. Zuriyarsu ce Hausawan Sudan na yau, da waɗanda ake kira Takari a ƙasar Saudiyya. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya wallafa littafi a 1995 a kan mazauna ƙauyukan Jazira, inda ya nuna cewa har jikokin da aka haifa a can suna ɗaukar kansu a matsayin matafiya da ke kan hanyar Makka. Subhanallah, niyya ta zama gadon gida.

Ba Musulmi kaɗai ne suka san ibada da ƙafa ba. Mabiya addinin Buda sun shahara da ita. Wani malaminsu ɗan ƙasar Sin mai suna Shuwanzang ya bar gida a 629, ya ratsa hamada da duwatsu zuwa Indiya don neman littattafan addininsa daga tushe, bai dawo ba sai 645. A tsibirin Shikoku na ƙasar Japan kuwa har yau akwai masu zagaya wuraren bauta 88 da ƙafa, tafiyar kusan kilomita 1,200. Na kawo su ne don mu ga cewa ɗan Adam ya daɗe da gane cewa doguwar tafiya tana ladabtar da zuciya. Sai dai akwai bambanci. A wurin da yawa daga cikinsu takawar ita kanta ce ibadar. Mu kuwa ba a umarce mu da neman wahala don kanta ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya ga wani tsoho da ya yi bakancen tafiya da ƙafa, 'ya'yansa biyu na riƙe da shi, sai ya umarce shi da ya hau abin hawa, ya bayyana cewa Allah ba Ya bukatar mutum ya azabtar da kansa. Kakanninmu sun taka ne domin abin da suke da shi ke nan, kuma da sauƙi ya zo sun karɓe shi hannu bibbiyu.

Sauƙin kuwa ya zo a hankali. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi ta jirgin ruwa a 1921. A 1948 wasu attajiran Kano, wato Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazan Afirka ta Yamma. Haruffan farko na sunanta na Turanci su ne suka ba da kalmar Wapa, sunan da ya bi unguwar har yau. Mota ta rage shekaru zuwa watanni, daga baya jirgin sama ya mayar da su awoyi. Yanzu daga filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ke cikin ƙaramar hukumarmu ta Fagge, awoyi kaɗan sun isa a sauka Jidda. Tsohuwar hanyar kuwa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ragargaza garuruwanta, musamman Jinaina da Fashir, waɗanda suka shayar da kakanninmu ruwa. Suna da haƙƙin addu'a a kanmu.

To, mene ne namu a ciki? Ba ina kira da a koma tafiyar ƙasa ba ne, jirgi ni'ima ce da ta wajaba a gode wa Allah a kanta. Abin da nake tsoro shi ne, hanyar da ta gajarta ta tafi da shirin da ake yi saboda tsawonta. Mahajjacin da ya isa Makka bayan shekara biyar ya isa ne da zuciyar da ta riga ta koyi haƙuri da tawakkali da cin halal daga gumin kansa. Mu kuwa mukan isa da jikinmu, zuciya tana can kasuwa tana lissafin tsaraba. Abin da hanya ta koya musu tilas, mu sai mun neme shi da gangan.

Saboda haka ya ɗan uwa, ya 'yar uwa, ko da ba ka da kuɗin kujera a yau, kana iya fara tafiyar. Ka ƙulla niyya, ka koyi hukuncin Hajji a gaban malami, ka riƙa ajiye ɗan abin da ya samu daga halal, ka biya bashi, ka nemi yafiyar wanda ka zalunta tun kuna raye. Idan kuma akwai tsoho a gidanku da ya san wani da ya tafi Makka ta ƙasa, ka zauna ka saurare shi, ka rubuta, kafin labarin ya bi mai shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka isa da waɗanda suka kwanta a hanya, Ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, mu kuma Ya kira mu ɗakinSa muna masu ikhlasi. Amin.