Taƙaitaccen Tarihin Wusasa da Tsofaffin Gine-ginen Ƙasar Zazzau

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana wannan rana ta aza harsashin ɗakinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, mun ga ya kamata mu ɗan waiwayi tarihin wannan wuri, domin jama'a da masu ba da gudummawa su san irin ƙasar da muke haƙa gindin gini a cikinta.

Wusasa tana bayan ganuwar birnin Zariya ne, ta wajen yamma, kusa da Dutsen Kufena. Masana tarihi sun nuna cewa Kufena da Turunku suna cikin mazaunan sarautar Zazzau na dā, tun kafin a kafu a birnin da muka sani yanzu. Ke nan mutane sun daɗe da zama a gindin wannan dutse. Da jihadi ya zo, Malam Musa ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zama Sarkin Zazzau na farko cikin Fulani, Sarki Makau kuwa ya yi kudu. A zamanin Sarki Abdulkarimu ne, cikin shekarun 1830, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na birni da tubali da azara, ya ɗaura masa bakan gizo irin wanda har magina na ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo.

Zuwan jirgin ƙasa shi ne ya sake wa Zariya kama. A 1911 dogon da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano. A 1914 aka gama ƙaramin layin da ya tashi daga nan zuwa ƙasar Jos saboda jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957, sa'an nan a 1929 wani reshen ya kai Ƙaura Namoda ta Funtuwa da Gusau. Da haka Zariya ta zama mahaɗar jirage, auduga da gyaɗa suna ta sauka tasha, Sabon Gari da Tudun Wada suka cika da baƙi, garin ya tumbatsa zuwa bayan ganuwa.

A wannan shekara ta 1929, zamanin Sarki Ibrahim, 'yan mishan na Ingila, waɗanda Likita Mila ya zaunar cikin birni tun 1905, suka tashi suka koma Wusasa. Suka gina majami'ar Bartalamawus da hannun maginan ƙasar nan, da jar ƙasa, bisa fasalin soron Hausa, suka kafa makaranta da asibiti. Daga wannan ƙaramin gari ne aka sami Dakta Dikko, likitan farko ɗan Arewa, kuma a makarantarsa Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, shi da Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Asibitin nan ba ya tambayar addinin majinyaci, kuma gidajen Musulmi nawa ne aka haifi 'ya'yansu a cikinsa! Akwai zuriyoyi a nan da za ka tarar wa Musulmi, ƙane Kirista, kaka ɗaya, tsakar gida ɗaya. Saboda haka haƙƙin maƙwabtaka, wanda addininmu ya tsananta a kansa, ya fi nauyi a wuyanmu bisa ga mutanen wasu garuruwa. Wanda ya ga abin da rikicin 1987 ya jawo wa Zariya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Akwai kuma darasi na biyu, mai ɗaci. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufin Masallacin Juma'a na birni ya rufto a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Ginin da ya kusa shekara 200 a tsaye ya tuna mana cewa aza harsashi shi ne mafi sauƙin aiki. Kakanninmu sun san ginin ƙasa yana son yaɓe kafin damina, da gyaran indararo, da duba azara saboda gara. Ginin siminti ma bai fi ƙarfin sakaci ba.

To, jama'a, roƙonmu biyu ne. Na farko, kada a tauye siminti ko rodi don neman saurin gamawa, gwamma a ɗauki shekaru ana ɗora bulo bisa ƙa'ida. Na biyu, daga yau a ware wani kaso na abin da aka tara a ajiye don gyara, a danƙa shi ga amintattu masu karanta wa jama'a lissafi a fili. Mai naira ɗari da mai buhun siminti da mai ɗaukar ruwa a ka, kowa ladansa yana wurin Allah.

Allah ya sa mu ga kammalawarsa lafiya, ya raya shi da salla da karatu, ya taimaki Mai Martaba Sarkin Zazzau, ya zaunar da Wusasa da ƙasarmu lafiya, amin summa amin.