Yadda gudun talakawan Vallecas ya zama shagalin ƙarshen shekara a Madrid

1/ Jama'a, yau zaren namu na tarihi ne. Duk ranar 31 ga Disamba, ana tsakiyar sanyin da ke sa haƙora kaɗawa, mutum kusan 40,000 ne ke fitowa titunan Madrid su yi gudun kilomita 10. Wasu da kayan Baban Kirsimeti, wasu sun yi shigar Spiderman, wani ma ya zama ayaba. Sunan gudun San Silvestre Vallecana. Ku biyo ni.

2/ Sunan tukuna. Silvestre wani Fafaroma ne da ya rasu ranar 31 ga Disamba, shekara ta 335. Shi ya sa mabiya ɗariƙar Katolika ke kiran ranar ƙarshe ta shekara da sunansa. Tsere da dama da aka sa a wannan ranar sun gaji sunan.

3/ Abin dariyar shi ne ba a cikin sanyi aka haifi al'adar ba. Wani ɗan jarida ɗan Brazil, Cásper Líbero, ya ga ana tseren dare da fitilun wuta a Paris, abin ya burge shi. A 1925 ya shirya irinsa a São Paulo. To Disamba a Brazil lokacin zafi ne, gumi kawai ake yi.

4/ Daga can labarin ya tsallaka teku. A 1964 wani mai son wasanni, Antonio Sabugueiro, da abokansa suka ce su ma unguwarsu sai ta samu nata. Mutum 57 kacal suka yi gudun farko. A lokacin ma ba a sa masa San Silvestre ba, Gran Premio de Vallecas ake ce masa.

5/ Ina ne Vallecas? Masu kallon La Liga kun san Rayo Vallecano, to unguwarsu ce. Da can gari ne mai zaman kansa, sai a 1950 aka haɗe shi da Madrid. Leburori da 'yan ci-rani daga ƙauyukan Sifaniya ne suka cika wurin, da yawansu a gidajen da suka tada da hannunsu. Irin unguwar da masu kuɗi ke ɗaga wa hanci dai.

6/ Yanzu ku dubi hanyar da ake bi a yau. Ana tashi daga gefen Santiago Bernabéu, a gangara titin Serrano mai shagunan attajirai, a wuce Cibeles inda Real Madrid ke murnar kofi, a bi ta Atocha, a ƙare a Vallecas. Wato rana guda a shekara, gari ne ke rugawa zuwa unguwar talaka da ƙafarsa.

7/ Hanyar tana da mugunta fa. Yawancinta gangara ce, sai ka ɗauka ka zama zakara. Kana dosar ƙarshe sai ga hawan titin Albufera. Nan ne mai rigar ayaba ke fara nadama, nan ne kuma 'yan unguwa ke cika gefen titi suna ihu suna ƙarfafa wa kowa gwiwa.

8/ Tsere biyu ake yi. Na gama-gari da yamma, shi ne na masu shigar ban dariya, kuma rukuni-rukuni ake sakin mutane don kar a tattake juna. Na ƙwararru da daddare, su kuma cikin filin Rayo suke ƙarewa.

9/ Mata ba su samu nasu rukunin ba sai 1981, shekara 17 bayan farawa. Grete Waitz 'yar Norway ce ta ci na farkon, ita ɗin da ta lashe gudun fanfalaki na New York har sau 9.

10/ 'Yan Afirka kuwa sun bar tarihi a nan. Eliud Kipchoge na Kenya ya ci a 2005 da 2006. A 2018 Jacob Kiplimo na Uganda, yana ɗan shekara 18, ya gama cikin minti 26 da daƙiƙa 41. Sai dai saboda gangaren hanyar, ba a lissafa lokacin a matsayin bajintar duniya.

11/ Batun sanyin fa? Madrid tana kan tudu, sama da mita 600 daga teku, daren Disamba kan sauka kusa da sifili. Wanda ya jibga kaya masu kauri, yana fara gudu zai jiƙe da gumi. Yana tsayawa, jiƙaƙƙen kayan nan ne zai riƙa zuƙe masa ɗumin jiki. Don haka haɗarin ya fi yawa bayan an gama. Masu wayo sukan sa riga mara nauyi a ciki, shigar wasan a sama, su kuma tanadi busassun kaya a ƙarshen hanya.

12/ Me ya sa suke wahalar da kansu haka? Ina ganin amsar tana cikin shigar. Duk wanda ya taɓa yin tashe ya san da ka shafa gemun auduga, kunya ta tafi. Mutumin da ba zai taɓa fitowa tsere ba don kar a yi masa dariyar na baya, in ya zama ayaba ai dariyar ma ita ya zo nema.

13/ Amma akwai abin dubawa. Yau manyan kamfanoni ne ke ɗaukar nauyin gudun, sunansu ne a gaba, kuma sai ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka lamba. Ba don kuɗin ba da bai kai haka ba, gaskiya ne. Sai dai abin da aka fara don unguwar leburori, yanzu sai mai 'yan canji ke iya shiga.

14/ Ana gamawa kowa zai ruga gida ya yi wanka, don ƙarfe 12 na dare akwai wata al'adar: cin 'ya'yan inabi 12, ɗaya da kowane bugun agogon Puerta del Sol.

15/ Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne mutum 57 ɗin nan na 1964. Ku kuma in an ce ku fito gudu cikin wannan sanyin, wace shiga za ku yi? Ku faɗa min a ƙasa.