Mayar da Karkanda Daji: Daga Umfolozi zuwa Zakouma

Mayar da karkanda daji na nufin kama dabbar, ko renon marayanta, sannan a shirya ta har ta iya rayuwa da kanta a wurin da irinta ya ƙare ko ya yi ƙaranci. Masu rubuta tarihin wannan aiki sukan fara daga gandun Umfolozi na Afirka ta Kudu, inda farin karkanda na kudu ya rage kaɗan ƙwarai a ƙarshen ƙarni na 19. Majiyoyi sun saɓa kan adadin, wasu na cewa bai wuce 50 ba, wasu na kai shi kusa da 100, kuma ya fi dacewa a tsaya ga cewa bai kai 100 ba, tunda ƙidayar wancan zamani hasashe ce. A farkon shekarun 1960, bayan dabbobin sun yi yawa a gandun, ma'aikacin gandun daji Ian Player da likitan dabbobi Toni Harthoorn suka ɓullo da hanyar harbin karkanda da allurar maganin sa barci, musamman wanda ake kira M99, abin da ya sa aka iya rarraba ɗaruruwansu zuwa wasu gandaye.

Tun daga lokacin tsarin bai canja sosai ba. Ana rufe wa dabbar ido da kyalle, a toshe kunnuwanta, sau da yawa a rage ƙahonta a dasa na'urar bin sawu a cikinsa, sannan a tsare ta makonni a boma, kalmar Suwahili ce da ke nufin shinge mai ƙarfi, domin ta saba da abinci da ruwan sabon wurin. Marayu kuwa ana shayar da su madarar da aka haɗa, a riƙa janye hannun mutum a hankali, kamar yadda Daphne Sheldrick ta yi a Tsavo ta Kenya, da yadda cibiyar da aka buɗe a 2002 kusa da Kaziranga ta Indiya take yi wa 'ya'yan da ambaliyar kogin Brahmaputra ta raba da iyayensu kafin a kai su gandun Manas.

Abin da ya faru a Chadi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Baƙin karkanda na yamma, wanda a da yake yawo a Chadi da arewacin Kamaru da sassan Najeriya, an yi masa gani na ƙarshe a gandun Zakouma a 1972. Binciken da aka yi a Kamaru a 2006 bai samu ko ɗaya ba, kuma a 2011 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa irin ya ƙare. Saboda haka duk wanda za a kawo Zakouma dole ya zama baƙo daga wani yanki. Ƙungiyar African Parks ta karɓi gudanar da gandun a 2010, ta shafe shekaru tana yaƙi da mafarauta masu kashe giwaye, sai a watan Mayu na 2018 aka ɗauko baƙin karkanda shida a jirgin sama daga Afirka ta Kudu. Sun yi kimanin wata biyu a boma, aka sake su cikin wani keɓaɓɓen fili mai tsaro, amma a watan Oktoba aka tsinci gawar biyu, ba da jimawa ba wasu biyun suka bi su. Ba mafarauta ne suka kashe su ba. Binciken gawarwakin ya nuna kitsen jikinsu ya zube, ma'ana suna cin ganyen Zakouma amma bai riƙe su ba, domin baƙin karkanda ganye da ƙananan rassa yake ci, ba ciyawa ba kamar farin, kuma tsirran da cikinsa ya saba da su a kudu daban suke da na ƙasar Salamat, inda gandun yake, wadda ruwa ke malalewa kowace damina. Mata biyun da suka rage an kama su aka riƙa ƙara musu abinci, suka rayu.

A shekarar dai, a Kenya, karkanda goma sha ɗaya da aka kwashe daga gandayen Nairobi da Nakuru zuwa Tsavo ta Gabas duk suka mutu, akasarinsu saboda shan ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri. Rahotanni da yawa sukan ambaci nasarar Akagera ta Ruwanda, inda aka kai baƙin karkanda 18 a 2017, su wuce labarin Zakouma da na Tsavo da sauri, alhali kuwa a cikinsu ne ake ganin cewa kamawa da jigila sun daɗe da zama abin da aka ƙware a kai, yayin da sanin abin da dabbar za ta ci ta sha bayan an buɗe mata ƙofa bai kai wannan matsayi ba.

A watan Disamba na 2023 an sake kai baƙin karkanda biyar Zakouma daga Afirka ta Kudu, wannan karon a farkon rani, bayan an yi nazarin tsirran gandun an kuma tanadi ƙarin abinci.