John Kani: Ɗan Wasan Da Takardar Gwamnati Ta Kira Yaron Gida

 Ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda ba su samu damar saurara ba.

Duk wanda ya kalli fim ɗin Black Panther na 2018 zai tuna dattijon nan, Sarki T'Chaka, mahaifin jarumin fim ɗin. Sunansa John Kani, mutumin Afirka ta Kudu. Da yawanmu a nan muka fara ganinsa, alhali a lokacin ya haura shekara 50 yana wasan daɓe. To yau labarinsa za mu bi, don mu ga yadda aka yi gwamnati mai sojoji da bindigogi ta riƙa jin tsoron mutum biyu a kan dandamali.

An haife shi a farkon shekarun 1940 a New Brighton, unguwar baƙaƙen fata da ke gefen birnin Port Elizabeth, wanda yanzu ake kira Gqeberha. Ya taso cikin mulkin wariyar launin fata, lokacin da duk baƙin da ya kai shekara 16 dole ya riƙa yawo da littafin fas. A ciki aka rubuta inda aka yarda ka zauna da wanda kake wa aiki. Babu hatimin da ya dace, sai kamu ko kora zuwa ƙauye. Zanga-zangar wannan littafin ce aka yi a Sharpeville a 1960, 'yan sanda suka harbe mutum 69.

Kani yana aiki a kamfanin motoci na Ford ya shiga ƙungiyar wasa ta Serpent Players a 1965. 'Yan ƙungiyar talakawa ne, malaman makaranta da ma'aikata, sai an tashi aiki suke gwaji, tare da wani marubuci farar fata, Athol Fugard. Nan ya yi wasa tare da Winston Ntshona, abokin wasansa na shekaru masu yawa. Da su biyun suka bar aikin albashi suka rungumi wasa, sai matsala ta taso. A tsarin fas, babu wata sana'a ta baƙin mutum wai ita wasan kwaikwayo. Dole sai da aka rubuta su a matsayin 'yan aikin gidan Fugard. Ku riƙe wannan fa, don shi ne gishirin labarin.

A 1972 su ukun suka ƙirƙiro wasan Sizwe Banzi Is Dead, wato Sizwe Banzi ya mutu, aka fara nuna shi a Cape Town. Labarin wani baƙauye ne da ya zo birni neman aiki, aka buga masa hatimin ya bar gari cikin kwana uku. Wata rana da dare shi da mai masaukinsa suka ci karo da gawa, a aljihunta akwai fas mai izinin neman aiki. Shawara ta rage ga Sizwe: ya liƙa hotonsa a littafin mamacin ya ci gaba da rayuwa da sunan wani don ya ciyar da iyalinsa, ko ya riƙe sunansa ya koma gida da yunwa. Kun ga ke nan, mutanen da takarda ta yi wa ƙarya su ne suka hau dandamali suna tona asirin takardar.

Shekara ta zagayo, 1973, suka fito da The Island, a kan fursunoni biyu a tsibirin Robben, inda Nelson Mandela yake ɗaure a lokacin. Fursunonin suna shirya tsohon wasan Girka na Antigone, yarinyar da ta saɓa wa dokar sarki ta binne ɗan'uwanta. Ba sai an yi wa kowa fassara ba, mai kallo ya san wane ne sarkin.

Wasannin biyu suka kai su Landan, suka kai su New York. A 1975 Kani da Ntshona suka ci kyautar Tony ta gwarzon ɗan wasa tare, kyauta mafi girma a wasan daɓen Amurka. Amma a gida ba tukuici ke jiran su ba. A 1976, shekarar da aka karkashe ɗalibai a Soweto, hukumomin yankin Transkei suka kama su bayan sun yi wasan Sizwe Banzi, aka tsare su. Sai da 'yan wasa a ƙasashen waje suka yi ta zanga-zanga kafin a sake su. Kani ya rasa idonsa na hagu sanadiyyar dukan 'yan sanda. Wanda kuke gani a fim na roba ne.

Bai ja da baya ba. A 1985 ya fito a wasan Miss Julie tare da Sandra Prinsloo, farar fata, inda ya sumbace ta a gaban jama'a. Wasu 'yan kallo suka fice a fusace, barazanar kisa ta biyo baya. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda aka far masa aka daba masa wuƙa sau 11, Allah ya yi da sauran kwana. A wannan shekarar ta 1985 kuma 'yan sanda suka harbe ƙanensa a wajen wata jana'iza. Bayan shekara biyu, ƙasa tana cikin dokar ta-ɓaci, ya fito a matsayin Othello na Shakespeare a Market Theatre da ke Johannesburg, ƙarƙashin jagorancin Janet Suzman. An ɗauki wasan aka nuna a talabijin a ƙasashen waje. A 1989 shi da Barney Simon suka buɗe makarantar koyar da wasa ga matasan da ba su da halin shiga jami'a.

To, ga inda ni nake ganin girman mutumin ya fi fitowa. Wariya ta faɗi a 1994. Da ya ga dama da ya zauna yana cin albarkacin jiya. Sai ga shi a 2002 ya rubuta Nothing But the Truth, kuma ya fito a ciki a matsayin Sipho, dattijo ma'aikacin laburare. Ƙanen Sipho ya yi gudun hijira, ya yi suna a gwagwarmaya, ya mutu a Landan, aka dawo da tokar gawarsa. Shi kuwa Sipho da ya zauna ya riƙe gida, ya rasa ɗansa, babu mai tuna shi, ko ƙarin girman da ya sa rai bai samu ba. Wasan yana tambaya: shin wanda bai san gaskiyar abin da aka yi masa ba, za a iya tilasta masa yafiya? Kuma wa ya ci moriyar 'yancin? Wannan karon ba fararen fata yake wa tambayar ba, nasa yake wa. Faɗa wa maƙiyi gaskiya na buƙatar jarumta, amma faɗa wa na gida ta fi ɗaci.

Daga baya ya shiga talabijin sosai da shirin Inkaba a 2012, sannan Hollywood ta zo. Ta dalilinsa ne harshensa na Xhosa ya zama harshen Wakanda, kuma ɗansa Atandwa ne ya fito a matsayin T'Chaka yana saurayi. A 2019 ya yi muryar Rafiki a The Lion King. Ntshona ya rasu a 2018, Fugard a 2025. Babban zauren Market Theatre yanzu sunan John Kani yake amsawa.

Mu a Hausa “wasa” muke cewa, shi ya sa wani lokaci muke raina masu yin sa. Amma gwamnatin da ta kama Kani ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta san abin da ke faruwa idan talaka ya zauna a zaure ya ga rayuwarsa a gabansa, ya waiga ya ga na kusa da shi ma hawaye yake.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.