Gajere Ba Yaro Ba Ne: Tarihin Binciken Bisharar Markus

A cikin littattafan Bishara huɗu na Sabon Alkawari, na Markus ne mafi gajarta. Sura 16 ke gare shi, alhali kuwa Matiyu yana da 28, Luka 24, Yahaya kuma 21. Ba labarin haihuwa a Baitalami a cikinsa, ba jerin kakanni, ba Addu'ar Ubangiji, ba kuma Huɗubar kan Dutse. Saboda wannan ne ikkilisiya ta yi shekaru fiye da 1,500 tana girmama littafin da baki, amma ba ta cika buɗe shi ba. Sai a ƙarni na 19 masana suka sāke duba shi da kyau. Abin da suka gano shi ne, abubuwan da aka ɗauka rashi ne a cikinsa, watau gajartarsa, da gaggawarsa, da yadda ya tona kāsawar almajirai, su ne ainihin saƙonsa ga mutanen da aka fara rubuta wa.

Shaidar Magabata

Littafin bai faɗi sunan marubucinsa ba. Shaida mafi daɗewa a kan haka ta fito daga Fafiyas, bishof na Hirafolis a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, wanda ya yi rubutu a farkon ƙarni na 2. Littattafansa sun ɓata, amma Yusibiyas, marubucin tarihin ikkilisiya na ƙarni na 4, ya adana maganarsa. Bisa ga Fafiyas, Markus bai ji Ubangiji da kunnensa ba, tafintan Bitrus ne, ya kuwa rubuta abin da ya tuna daidai, sai dai ba bi da bi ba. Wajen shekara ta 180 Iraniyus, bishof na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya ƙara da cewa bayan ƙaurar Bitrus da Bulus ne Markus ya bar wa ikkilisiya wa'azin Bitrus a rubuce. Yusibiyas ya kuma kawo labarin cewa Markus ne ya fara kai bishara Iskandariya, shi ya sa ikkilisiyar Kibɗawa ta Masar take lasafta shi shugabanta na fari.

Duk da wannan shaida, littafin bai sami gata ba. Wajen shekara ta 400 Agustin, bishof na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta cewa Markus kamar mai bin sawun Matiyu ne, yana taƙaita abin da Matiyu ya riga ya faɗa. Maganar Agustin tana da nauyi, sai ta zauna. In dai Markus taƙaitawa ne, me zai sa a bar cikakke a kama ragagge? Biktor na Antakiya, wanda ya tattara sharhi a kan Markus wajen ƙarni na 5 ko na 6, ya yi kuka cewa ya nemi sharhin magabata a kan littafin bai samu ba. Ƙasar Masar ma ta ba da irin wannan shaida. Cikin tsofaffin gutsattsarin fafirus da aka tono a can, na Matiyu da na Yahaya suna da yawa, na Markus kuwa kaɗan ne. Ɗaya daga cikin mafi tsufa, wani ɗan guntu mai ɗauke da 'yan ayoyi na sura ta 1, sai a shekara ta 2018 aka buga shi, an kuma ƙiyasta shi na ƙarshen ƙarni na 2 ne ko farkon na 3.

Yadda Ra'ayi Ya Juya

A shekara ta 1835 wani masani Bajamushe, Karl Lachmann, ya jera Matiyu, Markus da Luka gefe da gefe, ya duba yadda kowa ya tsara labaransa. Ya lura cewa Matiyu da Luka suna tafiya tare muddin suna kan tsarin Markus, in kuwa ɗayansu ya kauce, ɗayan yakan zauna tare da Markus. Christian Hermann Weisse a 1838, da Heinrich Holtzmann a 1863, suka ɗora a kan wannan, suka ce Markus ne aka fara rubutawa, Matiyu da Luka kuwa sun yi amfani da shi. A Ingila B. H. Streeter ya ƙarfafa wannan ra'ayi a 1924. Lissafin a fili yake: daga ayoyin Markus wajen 660, abin da ke cikin kimanin 600 yana cikin Matiyu, fiye da rabi kuma yana cikin Luka.

Hujjar da ta fi rushe maganar Agustin ita ce tsawon labaran kansu. Mai taƙaitawa ragewa yake yi, amma Markus ya fi Matiyu tsawaita labari. Labarin mai aljannun da ke zaune a makabarta ya ci aya 20 a Markus 5, a Matiyu 8 kuwa aya 7 ne. Labarin 'yar Yayirus da macen mai zubar jini aya 23 ne a Markus, a Matiyu 9 kuwa aya 9. Da wuya a ce mutum ya zauna domin ya taƙaita Matiyu, ya yar da Addu'ar Ubangiji, sa'an nan ya ƙara bayani a kan garken aladu. Akwai masanan da ba su yarda ba, irin su William Farmer na Amurka, wanda a 1964 ya farfaɗo da ra'ayin cewa Markus ne na ƙarshe cikin ukun. Amma yawancin masana sun tsaya a kan cewa Markus ne na fari.

Halin Littafin

Da aka daina karanta Markus ta bakin Matiyu, sai muryarsa ta fito. Helenancinsa na kasuwa ne, irin na mai ba da labari da baki. Kalmar da ke nufin nan da nan ta fito sau fiye da 40. Wajen sau 150 ya ba da labarin abin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa a gaban mai ji. Shi kaɗai ya ambaci matashin kai da Yesu ya kwanta a kai cikin jirgi (4:38), da saurayin da ya bar mayafinsa ya gudu tsirara a daren kamu (14:51-52). Ya riƙe kalmomin Yesu cikin Aramiyanci a wurare da dama, yana fassara su, yana kuma bayyana al'adun Yahudawa na wanke hannu da kwanoni (7:3-4). Wannan ya nuna cewa masu karatunsa Al'ummai ne. Har wa yau akwai kalmomin Latin a cikin littafin, har ya kwatanta 'yan kuɗin da gwauruwa ta zuba a baitulmali da wani ƙaramin kuɗin Romawa (12:42).

A shekara ta 1901 William Wrede ya jawo hankalin masana ga wani abu da ke ko'ina a littafin. Yesu yana hana aljannu faɗar ko shi wane ne, yana kwaɓar waɗanda ya warkar, yana kuma umartar almajirai su yi shiru har bayan tashinsa daga matattu (1:34, 5:43, 8:30, 9:9). Wrede ya kira wannan asirin Almasihu, ya ce ikkilisiyar farko ce ta shigar da shi cikin labarin. Masana da yawa sun ƙi bayaninsa, amma sun karɓi abin da idonsa ya gani: Markus marubuci ne mai manufa, wanda ya tsara littafinsa da niyya.

Tsarin yana bayyana a tsakiyar littafin. Sau uku Yesu ya faɗa wa almajirai zai sha wuya, a kashe shi (8:31, 9:31, 10:33-34), sau ukun kuma suka kāsa ganewa. Da fari Bitrus ya tsawata masa. Na biyu suka yi gardama a hanya a kan wane ne babba. Na uku Yakubu da Yahaya suka roƙi kujerun girma. Markus ya sa labarin makaho a farkon wannan sashe da kuma ƙarshensa: makahon Betsaida, wanda sai da aka taɓa shi sau biyu kafin ya gani sosai, da Bartimawas na Yariko, wanda da idonsa ya buɗe ya bi Yesu a hanyar Urushalima. Sura 6 daga cikin 16 a kan makon ƙarshe suke. Mutum na fari a littafin da ya kira Yesu Ɗan Allah kuwa jarumin sojan Roma ne, a gindin gicciye, bayan da Yesu ya mutu (15:39). Ma'anar shirun ke nan: ba a iya sanin Almasihu daidai sai an kai wurin gicciye.

Matiyu ya sassauta wa almajirai a wurare da dama. Inda Markus ya ce zuciyarsu ta taurare bayan tafiya a kan ruwa (6:52), Matiyu ya nuna su suna sujada. Inda Markus ya ce Yakubu da Yahaya ne suka roƙi girma, Matiyu ya ce mahaifiyarsu ce. Markus bai rufa wa kowa asiri ba. A Getsamani sun yi barci, da aka zo kamu duka suka gudu, Bitrus kuma ya yi musun saninsa sau uku har da rantsuwa.

Mutanen da Aka Rubuta Wa

Me ya sa marubuci zai tona shugabannin ikkilisiya haka? Yawancin masana suna sa rubutun littafin tsakanin shekara ta 65 da ta 75. Waɗansu suna ganin a Suriya ko Galili aka rubuta shi, amma tsohuwar shaida Roma take nunawa. A watan Yuli na shekara ta 64 gobara ta cinye babban sashen birnin Roma. Tasitus, marubucin tarihi Barome wanda ba ya ƙaunar Kirista, ya ba da labari cewa Kaisar Niro ya ɗora musu laifin. Aka sa wa waɗansu fatun namun jeji karnuka suka yayyage su, aka gicciye waɗansu, aka ƙone waɗansu domin haske da dare. Tasitus ya kuma ce ta bakin waɗanda aka fara kamawa ne aka sami sunayen sauran. Watau bayan tsananin, an bar ikkilisiya wadda a cikinta akwai matan waɗanda aka kashe, akwai waɗanda suka gudu, akwai kuma waɗanda suka ba da sunan 'yan'uwa. A shekara ta 70 kuma sojojin Roma suka rushe Haikalin Urushalima.

Ga irin waɗannan mutane littafin yana magana kai tsaye. Ya yi zancen iri da ya faɗa a kan dutse, waɗanda sukan yi tuntuɓe da zarar tsanani ya taso (4:17). Ya faɗakar cewa ɗan'uwa zai ba da ɗan'uwansa a kashe (13:12). A wurin alkawarin ladan waɗanda suka bar kome, Markus kaɗai ya haɗa da tsanani cikin ladan (10:30). Shi kaɗai kuma ya ambaci sunayen 'ya'yan Saminu Bakurane, mutumin ƙasar Libiya ta yau wanda aka tilasta wa ɗaukar gicciye, watau Alizanda da Rufas (15:21). Ambaton ya nuna masu karatu sun san su, Bulus kuwa ya gai da wani Rufas a ikkilisiyar Roma (Romawa 16:13).

Ƙarshen da Ya Yanke

A shekara ta 1844 da ta 1859 Constantin von Tischendorf ya samo wani tsohon kundin Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 4 a gidan sufaye na Katarina, a gindin Dutsen Sina'i. A cikin wannan kundi, da kuma takwaransa na ɗakin littattafan Fatikan, Bisharar Markus ta ƙare a 16:8, inda matan suka gudu daga kabari suna rawar jiki, suka yi shiru domin tsoro. Wani kundin Suriyanci da Agnes Smith Lewis ta gano a gidan nan a 1892, shi ma a nan ya tsaya. Yusibiyas da Jerom sun riga sun shaida cewa kwafi mafi inganci a zamaninsu haka suke. Ayoyi na 9 zuwa 20 tsofaffi ne ƙwarai, gama Iraniyus ya ambaci aya ta 19, ikkilisiya kuma ta daɗe tana karanta su. Amma kalmominsu da salonsu sun sha bamban da na sauran littafin, shi ya sa yawancin fassarorin zamani suke sa musu alama.

Waɗansu masana suna ganin shafin ƙarshe ne ya yage ya ɓata, waɗansu kuwa suna ganin da gangan Markus ya tsaya a nan. Ko wanne ne, labarin tashin yana nan cikin ayoyi na 1 zuwa 8: kabari a buɗe, da sanarwa cewa Yesu ya tashi, zai kuma riga almajirai zuwa Galili. Cikin saƙon nan da aka ba matan, Markus kaɗai ya ware sunan Bitrus (16:7), mutumin da aka bari yana kuka a sura ta 14.

In shaidar magabata daidai ce, marubucin shi ne Yahaya Markus na Ayyukan Manzanni, wanda ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma gida, har manzannin biyu suka rabu a kansa (13:13, 15:37-39). Daga baya aka ce yana da amfani ga hidima (2 Timoti 4:11). Ashe littafin ya fito daga wa'azin wanda ya yi musu, ta hannun wanda ya juya baya a hanya, zuwa ga jama'ar da tsoro ya warwatsa. Tambayar abin da za a yi da waɗanda suka fāɗi a lokacin tsanani ta sāke tasowa a shekara ta 251, bayan tsananin Kaisar Desiyus, har ta raba ikkilisiyar Roma da ta Kartaj. Bisharar Markus ta riga ta nuna hanya tun kafin wannan: ta faɗi laifin almajirai ba ragi, sa'an nan ta aika musu da kira su koma Galili, inda aka fara kiransu.