Addu'a a Bakin Kiristan Arewa: Waiwaye Daga Ƙasar Potiskum

Duk wanda ya zauna a Danchuwa ko wani gari na ƙasar Potiskum ya san cewa harsuna da dama ne ke zaune a wurin: Karekare da Ngizim da Bolanci da Fulatanci. Amma idan Kiristocin yankin, waɗanda 'yan tsiraru ne a cikin al'ummar da mafi yawanta Musulmi ne, suka taru ranar Lahadi suka sunkuyar da kai, galibi da Hausa suke magana da Allah. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda hakan ta faru, domin a cikin tarihin kalmomin ne za a ga abin da addu'a take nufi ga masu yin ta.

Aikin ya fara ne nesa da ƙasar Hausa. A shekarar 1857 aka buga Bisharar Matiyu da Hausa, fassarar James Frederick Schön, Bajamushen da ya ƙara gogewa a harshen ta wurin Dorugu, yaron nan da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. A babi na shida na wannan bishara ne addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa take. Ke nan addu'ar ta shiga Hausa tun kafin a sami jama'ar da za ta yi ta. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Ɗaya daga cikinsu, Likita Walter Miller, ya zauna a birnin Zariya a 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, sannan a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

Masu fassarar sun tarar da harshen da Musulunci ya riga ya yi wa ado shekaru aru-aru. Akwai salla, wadda take da lokuta da alwala da alƙibla da raka'o'i. Akwai kuma addu'a, wato kiran bawa ga Ubangijinsa a kowane hali. Ta biyun ce ta zauna a littafin, ita da 'yan uwanta irin su sujada da tuba da gafara da Zabura. A ganina zaɓin ya dace da koyarwar, domin Kirista ba shi da alƙibla, kuma ba a yanka masa adadi ba. Sai dai zaɓin ya bar baya da ƙura. Maƙwabci da bai ga alwala ko shimfiɗa ba yakan ɗauka cewa ba a ibada a gidan, shi kuma Kirista yakan sha wahalar bayyana cewa 'yan kalmomin da yake faɗa kafin cin tuwo da kafin kwanciya, a wurinsa ganawa ce da Mahalicci.

Kalma guda ce ba a iya aro ta ba: Uba. Da ita addu'ar Matiyu ta buɗe, kuma a nan ne hanyoyin addinan biyu suka rabu, tun da tauhidin Musulunci bai yarda a kira Allah da wannan suna ba. Kirista kuwa ba haihuwa ta jiki yake nufi ba, kusanci yake nufi, irin na ɗan da ke shiga turakar mahaifinsa ba tare da ɗan iso ba. Tsarin addu'ar ma abin lura ne. Ta fara da girmama sunan Allah da neman a yi nufinsa, sai bayan haka ta roƙi abinci, shi ma na yini guda kawai, sannan ta ɗaura neman gafara a kan yafe wa wanda ya yi wa mutum laifi. Manomin da ke jiran ruwan shuka a ƙasa mai ƙarancin damina ba ya bukatar a yi masa tafsirin abincin yini guda.

Zuwa ƙasar Potiskum kuwa, ƙungiyar Sudan Interior Mission ce ta kawo saƙon, ita da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka fara a 1893, biyu na farkon suka mutu a shekara ta gaba. Ta kafa tasha a Kukar Gadu, kuma da yake Hausa ce harshen kasuwa da na littafi, da ita masu bishara suka yi aiki. Ikilisiyoyin da mishan ɗin ya haifa sun zama ECWA a 1954. Amma abin da ya fitar da addu'a daga hannun Bature da fasto ya sa ta a tsakar gida shi ne shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda aka soma a tsakanin 1963 da 1964 da jagorancin Gerald Swank na Kagoro. Ginshiƙinsa ƙananan rukunonin addu'a ne a gidaje, inda mutane kaɗan za su haɗu su ambaci sunan maƙwabci da mara lafiya da matafiyi. Zumuntar Mata ma ta riƙe wannan aiki da hannu biyu, kuma ban ga an ba ta haƙƙinta a rubuce-rubucen tarihi ba.

Tun daga shekarun 1970 wani salo ya shigo tare da majami'un Fentikos: kwana ana addu'a, ɗaga murya, da alkawarin waraka da buɗi. Ya ba mutane da yawa ƙwarin gwiwa. Amma idan aka mai da addu'a ciniki, wato a zuba kaza a kwashi kaza, tarihin Arewa da kansa zai ƙi amincewa. Wasu daga zuriyar Isawa da suka karɓi Kiristanci sun kafa ƙauyen Gimi a ƙasar Zazzau, da majami'a da makaranta. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya cinye da yawansu, waɗanda suka rage suka tashi. Babu mai cewa ba su roƙi lafiya ba.

Haka nan a daren jajibirin Kirsimati na 2012, 'yan bindiga suka shiga wata majami'a a ƙauyen Peri kusa da Potiskum ana cikin sujada, suka kashe mutum shida, har da faston. Wutar ba ta tsaya a kan Kirista ba. A watan Mayu na shekarar an kai hari kasuwar shanu ta Potiskum, a Nuwamban 2014 kuma bom ya tashi a cikin masu jerin gwanon Ashura, bayan mako guda wani ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya ta garin ɗalibai suna taron safe. Abin da limaman Kirista kan koma gare shi a irin wannan lokaci shi ne labarin daren da aka kama Yesu, inda ya roƙi a ɗauke masa wahalar da ke tafe, ya kuma miƙa wuya ga nufin Allah, ba a kuwa ɗauke ta ba. Wanda ya binne ɗan'uwansa a waɗannan shekaru, idan Lahadi ta zagayo, sai ya tarar da layin yafe wa mai laifi yana nan a tsakiyar addu'ar, kuma tare da jama'a ake faɗarsa, da murya a sarari.